Susan mai jan gindi a gidan Ummu Fahad

Ku da kuka shigo aikin lambu kwanan nan, akwai wani lokacin sanyi da har yau bai bar zuciyata ba. Ina aiki a wani gida a unguwar Suwaidi, can ƙasar Larabawa, gidan wata dattijuwa, Ummu Fahad, mahaifiyar kafilina Fahad, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki. A bayan gidan akwai furen da Larabawa ke kira susan. Ganyensa dogo ne kamar takobi, saiwarsa kuma kamar ɗanyar citta, kwance a saman ƙasa.

Iri biyu ne. Na kwari, kusa da famfo, kore ne tun daga sama har ƙasa. Na tudu, jikin katanga, gindin ganyensa launin shunayya ne, kamar an tsoma shi a rini, shi ake kira mai jan gindi. Marigayi mijinta, Abu Fahad, shi ne ya shuka duka. Bayan sallar asuba nakan tsaya cikinsu, iska na kaɗa su, sai in ga kamar ina bakin fadamar garinmu, har in ji ƙamshin laka alhali hamada ce ta kewaye ni.

Kowa a gidan ya yarda cewa mai jan gindi ba ya ciwo. Kore kam, duk shekara sai ya yi tabo, wani ya ruɓe.

Da aka kwantar da Ummu Fahad a asibiti a Shumaisi, Fahad ya kira ni. "Ya Haruna, tuge koren nan duka. Ka rarraba mai jan gindi ya cika lambun, Umma ta dawo ta tarar da furen babana ko'ina."

Muhandis Usman, injiniya ɗan Sudan da ke duba lambunan kafilin, ya girgiza kai. "Ana faɗin haka a wurare da yawa, amma ban ga wanda ya tabbatar ba. Ku bar rabi a inda yake."

Fahad ya ce, "Khalas, na gama magana."

Na yi yadda aka ce. Tsarin shi ne a haƙo saiwar, a yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace da ganyenta, a kwantar ba tare da an binne bayanta ba. Suka kama, lambun ya zama kamar mafarki.

Sai ruwan sama ya zo, ya yi kwanaki. Wata safiya na ja ganye ɗaya a kwari, ya biyo hannuna. Saiwar ta yi laushi, tana wari. Jan gindin nan yana nan da kyansa, amma ƙarƙashinsa ya mutu.

Ni da Muhandis muka haƙe su duka. Muka yanke ruɓaɓɓen wuri da wuƙa mai tsabta, muka shanya sauran a rana, muka mayar da su tudu. Kaɗan ne suka tsira.

Ranar da aka sallamo Ummu Fahad, Fahad ya kasa fitowa lambun. Ni na tura kekenta na marasa lafiya. Ta daɗe tana kallon kwarin da ya zama fili.

Na ce, "Hajiya, mai jan gindin ma ya ruɓe."

Ta yi murmushi, idonta a kan katanga. "Ɗana, Abu Fahad ne ya fara cewa ba ya ciwo. Shi ya fi so, shi ya sa ya ba shi tudu, inda ruwa ba ya kwana. Kullum da la'asar yana durƙushe a gabansa yana cire busasshen ganye. Koren kuwa ko kallonsa ba ya yi." Ta miƙa hannu ta shafa wani ganye. "Na san haka tuntuni. Daɗin maganarsa ne ya hana ni gyara masa."

Da sanyi ya ja baya, waɗanda suka tsira suka yi fure, shuɗi mai duhu. Ta sa aka nemo koren kuma, ta ce a ba shi wuri a tudu shi ma.

Har yau ban san ko launin yana da wani sirri ba. Amma idan mai gida ya ce muku wata shuka ba ta ciwo, kada ku yi gardama, kada kuma ku ɗauki shebur. Ku fara tambaya wane ne yake durƙusawa a gabanta.