Askar Tanimu da Gashin Bakin Kofur

Duk wanda ya san kasuwar Wara a shekarun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ya san ceɗiyar nan ta hanyar bakin ruwa, ya kuma san Tanimu Wanzami da ke zama a gindinta. Ɗan siririn mutum ne, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyawa a kan kawunan jama'a. Kayan aikinsa ba su da yawa: tabarma, kujera 'yar tsugunne, ƙwaryar ruwa, sai zabirar askakensa da ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Taurin kai kuwa, sai dai a ce Allah ya shirya. In Tanimu ya ce a'a, ko garin duka zai taru a kansa, a'a ɗin ce.

A wani ƙauyen bakin kogi aka haife shi, ƙauyen da kifi ke yawo a cikinsa tun da aka datse ruwa a Kainji. Ubansa wanzami ne, kakansa ma haka. Ranar da aka kwashe su zuwa tudu, mutane na ta fama da tukwane da awaki, shi zabirar tsohonsa ya rataya ya shiga jirgi. Da ita ya auri Umma, da ita ya ciyar da 'ya'ya biyar, kuma cikin biyar ɗin babu wanda ya yarda ya riƙe aska. Rabin mazan Wara shi ya yi musu askin suna, shi ya yi musu kaciya. Amma in ka tambaye shi aikin da ya fi alfahari da shi a duniya, ba zai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Gashin bakin Kofur zai ce maka.

Kofur Andarawus tsohon soja ne, Bakambare daga wani ƙauye a kan duwatsu. Da aka gama yaƙin basasa ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu da wani gashin baki buzu-buzu, kowane sili na kallon gabansa. Wata ranar kasuwa ya jingine kekensa a jikin ceɗiya ya ce yana son irin na wani babban hafsansu, mai ƙaho biyu a murɗe suna kallon sama. Tanimu ya dube shi, ya dubi gashin, ya ce wannan ai sai reno, kuma reno ba aikin mai gaggawa ba ne. Kofur ya ce shi ba inda za shi.

Shekara biyu da rabi suka yi kafin gashin ya ji magana. Duk ranar kasuwa Kofur zai gangaro da curin kakin zuma a aljihu, Umma ta narka shi da man kaɗe ta ɗura a gwangwanin madara. Tanimu zai jiƙa gashin, ya raba shi daga tsakiyar leɓe da wani ɗan mataji na ƙaho, ya share gefe da gefe da aska. Daga nan sai aikin da ya fi kowane wuya: ya kwantar da tsinin gashin a kan farcen babban yatsansa, ya bi shi da bakin aska sili-sili yana fiƙe wanda ya tsage. Sai ya laƙuto kakin, ya murza shi tsakanin yatsu har ya yi ɗumi, ya murɗe ƙahon dama, ya murɗe na hagu. A farkon renon har zare yake ɗaure masa, Kofur ya hau keke da zare a fuska mata masu kifi suna ta dariya.

Almakashi kam bai taɓa kusantar wurin ba. Tanimu ya rantse almakashi tauna gashi yake yi, kuma kayan tela ne. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, oho, haka ya ji daga ubansa, kuma a kan haka ya tsaya.

Da gashin ya kammala, tabɗi! Daga bakin ruwa ake hango Kofur a gane shi. Masu jirgi na ɗaga masa hannu, matafiya na tambayar ko wane ne. Wani malami ya taɓa yi wa Tanimu faɗa, wai yana Musulmi yana renon abin da aka ce a rage. Tanimu ya shafa nasa leɓen ya ce, "Allah gafarta Malam, nawa a rage yake. Wancan na Kofur ne, ni aikina kawai nike yi." Shekara ashirin da uku ke nan, in ba ciwo ba, ranar kasuwa ba ta wuce su.

To, a daminar da ta biyo bayan samun sabuwar jiha ne hannun Tanimu na dama ya fara rawa. Da fari kaɗan-kaɗan, in ya ɗauki moɗa sai ruwa ya ɗan fallatsa. Ya sha saiwoyi, ya sha rubutu, ya je asibiti a Yelwa, abin sai gaba yake yi. Mutum ne mai tsoron Allah, don haka da kansa ya daina taɓa jarirai da yaran kaciya, yana cewa ido ne ya fara gajiya. Ƙarya ce, idonsa garau. Ga shi kuma wasu samari sun buɗe shagon aski kusa da sakatariya, da injin aski mai ƙugi da babban madubi, ma'aikatan da aka turo duk can suke zuwa. Tsofaffin abokan cinikinsa ma, da suka fara ganin 'yan tsage-tsage a ƙeyarsu, sai suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, suna gaishe shi daga nesa cikin kunya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Kofur kaɗai ya rage. Tanimu ya san ranar da Kofur ya tashi daga kujerar nan bai dawo ba, wanzancinsa ya ƙare, sai rataye zabira. Saboda haka ya ɓoye masa. Ya koyi dabara: sai ya kafa ɗan ƙaramin yatsansa a kuncin Kofur ya tokare hannun, ya riƙe numfashi, ya yi aikin a gurguje. Kofur kuwa dama da ya zauna yake lumshe ido, sai an gama ya buɗe. Tanimu yana ganin ya sha da shi.

Ana nan sai auren Rahila ya taso, autar Kofur. Ran Asabar za a ɗaura a coci, har an yi magana da mai hoto daga Yelwa. Kofur ya aiko cewa zai sauko ran Juma'a da hantsi a yi masa gyara na musamman.

Da safiyar Juma'ar Umma tana kallon mijinta yana shan kunu, rabin ludayi na komawa cikin ƙwarya. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramin almakashinta na yankan zare ta aje a gabansa.

"Malam, don Allah ka tafi da wanga. Ko ka faɗa mishi gaskiya ya tafi shagon yaran nan. Auren ɗiya tai ne fa."

"Ni Tanimu in sa almakashi ga gashin Kofur? Ɗauke abinki."

"Hannunka ba shi da lafiya, Malam. Ni da nike gida ɗaya da kai za ka ɓoye ma?"

Tanimu ya miƙe. Ya rataya zabira ya fita, almakashin na nan a kan tabarma.

Kofur ya iso da fara'arsa, ya jingine keke, suka gaisa, ya tambayi Umma da jikoki, ya zauna ya lumshe ido. Jiƙawa ta tafi daidai, tajewa ta tafi daidai. Gefen hagu ma an gama lafiya, har Tanimu ya fara hamdala a zuci. Ya koma dama, ya kwantar da ƙahon a kan farcensa, ya tokare da ɗan yatsa, ya kawo aska. Sai hannun ya fizga, fizga ɗaya tak. Askar Tanimu kuwa ba ta san wasa ba, shi da kansa ya wasa ta da asuba. Ƙahon dama gaba ɗayansa ya faɗo a kan ƙyallen da ke ƙirjin Kofur, a murɗensa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Tanimu. Askar ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Kofur ya buɗe ido. Ya dubi ƙirjinsa, ya kai hannu ya shafa leɓensa. Ya ce a ba shi madubi. Ya daɗe yana kallon fuskar nan, gefe ɗaya soja, gefe ɗaya kamar akuya ta ci. Kada wani ya ce muku bai ji zafi ba. Ya ji, har idonsa ya kaɗa ya yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi. Masu wucewa suka fara tsayawa, ya daka musu tsawa irin ta bariki suka watse.

Tanimu ya durƙusa a kan tabarma, tsoho da shi. Ya ce, "Kofur, na cuce ka. Hannuna ya lalace tun bara, na ɓoye maka don kar ka bar ni. Umma ta ce in faɗi, na ƙi. Ka yi mini duk abin da ka ga dama."

Kofur ya kai hannu ƙirjinsa. Ya ɗauki ƙahon da ya faɗi, ya naɗe shi a hankicinsa ya sa a aljihu. Sannan ya sunkuya ya ɗauko askar, ya goge ƙasar da ke jikinta a wandonsa, ya miƙa wa Tanimu ta wajen ƙota.

"Tashi ka aske ɗayan. Ba ni zuwa gaban fasto da ƙaho guda."

"Ka tafi shagon yaran, Kofur. Ni ba ni iyawa."

"Wanzam, kana tsammanin barci nike yi in na rufe ido? Tun daminar bara nike jin ɗan yatsanka na rawa ga kuncina. Na sani. Ni na kawo fuskata, ba wanda ya jawo ni. Aske."

Tanimu ya aske, hawaye na bin gemunsa, hannun hagu na riƙe da wuyan na dama. Leɓen da bai ga rana ba shekara ashirin da uku ya fito fari sol. Kofur ya hau kekensa ya tafi ba tare da sallama ba, kuma har ya fita kasuwa babu wanda ya ɗaga masa hannu, don ba a gane shi ba.

Labarin biki ya iso Wara tun kafin Litinin. An ce matar Kofur da ta gan shi salati ta saka irin nasu ta zauna daɓas a ƙasa. An ce Rahila ta yi kuka, ta ce ita ba ta taɓa ganin bakin babanta ba sai ranar aurenta. An ce an ɗauki hoton haka nan, Kofur a tsaye ƙiƙam da lambobinsa na soja, kuma duk wanda ya tambaye shi abin da ya faru sai ya ce zafi ne ya dame shi. Bai ambaci sunan Tanimu ga kowa ba. Wannan ya fi komai ƙona ran Tanimu, da ma zaginsa ya yi.

Tanimu ya rataye zabira a ƙusa bayan ƙofa. Ranar kasuwa ta zagayo, bai fita ba. Yana zaune a zaure yana jin hayaniyar masu jirgi daga nesa, Umma ta kawo fura ya ce ta mayar. Gindin ceɗiya kuwa har wata mai tallan gyaɗa ta shimfiɗa buhunta a wurin.

Hantsi ya ɗaga sai ya ji ƙararrawar keke a ƙofar gida, ya ji sallama da muryar da ya sani. Kofur ne, ya shigo da ɗingishinsa, leɓensa ya yi baƙi-baƙi da tsiron kwana shida. Ya zaro curin kakin zuma daga aljihu ya dire a kan tabarma.

"Na je gindin ceɗiya na iske mai gyaɗa. Mi ke nan?"

"Na aje aiki, Kofur."

"Wa ya sallame ka? Wancan na farko, shekara nawa munka yi kafin ya murɗu?"

"Biyu da rabi."

"To, yau kwana shida, saura da yawa. Yaran shagon nan sun san kaki? Sun san zare? In na kai musu za su bi shi da inji kamar masu nome ciyawa. Ni ban san wani mai reno ba in ba kai ba."

Tanimu ya ɗaga hannun damansa a tsakaninsu, yana ta karkarwa a fili, yau babu ɓoyo. Ya ce, "Dubi abin da za ka ba fuskarka."

"Na gani. Mataji da kaki ba su yanka kowa. Wurin yankan kuma, wanga kai ka san yadda za ka yi." Ya jawo 'yar kujera da ƙafa ya zauna, ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido kamar kullum.

Tanimu ya daɗe yana kallonsa. Ya tashi ya sauko da zabira daga ƙusa, ya fito da ɗan matajin ƙaho. Ya taɓa askar, ya bar ta a kubenta. A gefen leɓen Kofur akwai wasu sili biyu-uku da suka tsere wa askar ran Juma'a, sun yi tsawo sun fi sauran. Ya gyara murya, ya juya wajen ƙofar cikin gida.

"Umma! Ɗora kaki ga wuta. Ki kuma miƙo mini almakashin nan naki."