Na Sa wa Dalma Riga

Maigidana maharbi ne, kuma a shekarun da Nasara suka fara zama da gindinsu a Damagaram shi kaɗai ke da bindigar kirki a garinmu na Matameye. Ba irin ta ɗure ba ce da ake cusa wa albarushi ta baki. Tsohuwar bindigar sojan Faransa ce mai cin harsashi ɗaya ta baya, wadda kumandan ya yarda a bar masa don kashe namun dajin da ke ɓarna a gonaki. Bindigar aka ba shi, ba a haɗa masa da harsashi ba. Saboda haka ba ya yar da kwanson da ya harba. Sai ya tsince, ya wanke, maƙeri ya gyara masa gindin, ya sake cika shi da albarushi. Dalmar kuwa da kansa yake narkawa ya zuba a ƙarfen zubi.

Aikin da ya fi cin ransa shi ne rigar. Haka yake kiran takardar da ake naɗe dalma da ita kafin a cusa ta a bakin kwanso. In aka harba dalma tsirara, sai ta goge a cikin bindigar ta manne, ita kuma ta tafi inda ta ga dama. Takardar ma ba kowace ba. Mai rubutu ba ta shiga bindiga, don ba ka san ko sunan Allah ne a jiki ba. Sai wata 'yar fara marar kauri da ke ƙarƙashin shuɗiyar da ake naɗe kan sukari, wadda fatake ke ajiye masa ranar kasuwa.

Ni kam ba a yarda in taɓa komai ba. A gidan maharba hannun mace ba ya kusantar kayan harbi, wai yana kashe musu ƙarfi. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ce dogariyar wannan doka, ko inuwata ta gifta buzun da yake aiki a kai sai ta yi gyaran murya. To, ido dai ba a hana shi ba. Shekara da shekaru ina zaune a ƙofar ɗakina ina kaɗi, ina kallon yadda yake yanka takardar a karkace, ya jiƙa ta, ya mirgina dalmar a kai, ya murɗe jelar. Sau da yawa nakan ce a raina yatsun nan masu kauri kamar taɓarya ba na wannan aiki ba ne, amma ban taɓa faɗa ba.

Daminar da nake ba da labari, gyaɗa ta fara ƙosawa ke nan sai gadu ya addabi gonakin bakin fadama. Wani tsohon namiji ne, haurensa ɗaya a karye, da rana tsaka yake tonon gonar mutum kamar gadonsa. A daidai lokacin kuma kakkarai ya kama babban yatsan maigidana na dama. Yatsan ya kumbura ya yi suntum, ko loma ba ya iya murzawa. Jan kunamar bindiga bai gagare shi ba, amma naɗa riga ya gagara. Da mutane suka dame shi da kuka, sai ya ɗura dalma tsirara ya fita. Ya nufi kafaɗa, ya samu cinya. Gadun ya shige cikin kabar fadama da rauninsa, washegari ya farke wa wani mai yankan ciyawa ƙwauri.

Maharbin da ya raunata nama shi zai ƙarasa shi, ba a aika wani. Kuma gadu mai rauni ba ya gudu, kansa yake yowa. Bindigar ga ta mai harbi ɗaya. In na farko ya kauce, babu lokacin ɗura na biyu. Na san wannan sarai, shi ma ya sani, shi ya sa muka daina haɗa ido.

Da hantsi ya goge cikin bindigar tas, ya shimfiɗa buzu ya fara gwadawa da hagu. Ya naɗa ta yage. Ya sake yanka wata, ta tattare kamar fatar wuyan tsohuwar kaza. Ina kallo takardar tana ƙarewa, har ya rage ba ta fi tafin hannu ba, kasuwa kuma sai wani mako. Zarena ya tsinke ban ɗaura ba. Na ajiye mazarin, na tsallaka tsakar gidan na durƙusa a gefen buzun.

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, ina za ki?"

Na ce, "Inna, ku yi mini haƙuri. Ni zan naɗa."

"Kin taɓa jin an yi haka a gidan nan? So kike a kawo mini shi a kan karauki?"

"In ya fita da wannan da ya naɗa, Inna, a kan karaukin za a kawo shi."

Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa mayar mata da magana ba. Ban kuwa tashi daga gefen buzun ba. Ta juya wajen ɗanta ta ce in ya bari na taɓa, kuma ko ƙwarzane ya same shi, to ranar zan kwana gidan ubana. Ya daɗe yana duban yatsansa. Sai ya sa bayan hannu ya turo askar da yake yanka takarda da ita wajena.

Ta farko ta ba ni kunya. Na jiƙa ta da yawa, ta rabu biyu a hannuna, Inna ta yi tsaki mai tsawo. Na ɗaga ragowar takardar ga rana na duba. Ashe ita ma tana da hanyarta kamar sawayen saƙa, ta wani gefe tana bayarwa, ta wani gefe tana ƙi. Na yanka bisa hanyar da take so, na lasa da harshe kawai, na aza dalmar a bayan ƙwarya. Na shafa alli a yatsuna kamar zan ja zare, na mirgina a hankali ina ja, zagaye biyu, har bakin takardar ya zo ya kwanta daidai inda ya faro. Na murɗe jelar irin murɗin da nake wa abawa. Abin da ya saura na sake yin wata, na jera su a faifai na ɗora a inuwar rumbu. Kafin la'asar sun bushe, takardar ta ɗame jikin dalmar kamar fatar kalangu. Ya ɗauka ya juya, ya soka farce bai sami inda zai shiga ba. Ni na datse jelar, na shafa kakin zuma da kitse, na cusa a kwanso. Tun da na taɓa, ai gara in taɓa har ƙarshe.

Da gari ya waye ya rataya bindiga ya fita. Inna ta zauna a ƙofar ɗakinta da carbi, ta ce in ina da hankali in fara haɗa ƙoraina. Na ce mata gero zan surfa. Na zuba a turmi na kama daka, ina yi ina sauraron fadama tsakanin taɓarya da taɓarya. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Ba na gidan ubana ba, wannan bai ko zo mini a rai ba. Tsorona kada bakin takardar nan ya ɗago a cikin bindiga.

Rana ta ɗan ɗaga muka ji ƙara ɗaya. Na tsaya da taɓarya a sama ina jiran ta biyu, ba ta zo ba. Rashin ta biyu kuwa ko dai an gama ne, ko kuma babu mai ɗurawa. Na ci gaba da daka geron da ya riga ya zama gari.

Sai wajen azahar ya yi sallama, taɓo har gwiwa, ƙafafunsa biyu cif. Ya durƙusa ya gai da uwarsa, ya ce Maguzawan ƙauyen gaba sun zo sun ja naman. A ɗabi'arsa, duk harbin da ya yi yakan duba ƙasa gaban bindiga ya tsinci rigar, don in ta yi aikinta takan zube nan kusa, a tsattsage siri-siri. Ya taso ya zo har gindin turmi. Mutumin da ko sunana bai taɓa kira a gaban uwarsa ba, ya kama hannuna da hannunsa mai ciwo, ya buɗe tafin, ya zuba mini 'yan tsilli-tsillin takarda da hayaƙi ya baƙanta. Inna tana kallo, carbinta ya tsaya cak.

Ya ce, "Ranar kasuwa za a kawo sukari. Ki wasa askar."