Ƙwan Cikin da Na Tanada Domin Darasi

A makarantar mishan da na yi a Gusau, wata Baturiya ce ta koya mana ilimin halittu. Ƙa'idarta guda ce, ba ta kuma taɓa sassauta ta ba: malami ba ya shiga aji da baki kawai. In zai yi maganar ganye, ya zo da ganye. In ta ƙashi ce, ya zo da ƙashi. Na riƙe wannan ƙa'ida duk tsawon aikina na koyarwa, na kuma hukunta mutane da dama a kanta.

Cikin waɗanda na hukunta akwai wani mai koyon malanta da aka turo mini a Tsafe. Ya shiga aji zai koyar da sassan fure, babu komai a hannunsa sai alli. Na tsayar da darasin a gaban yara, na aike shi fadama ya nemo fure, sannan na ba shi maki uku cikin goma. Mutumin nan shi ne yanzu shugaban wata makarantar sakandare a Bungudu. Bara da damina, bayan na daɗe da yin ritaya, ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya roƙe ni in je in yi wa malamansa darasi a kan gidan ƙwai na tsirrai da na dabbobi. Ya ce, "Baba, so nake su ga yadda ake aikin a da." Na lura da murmushinsa, na san bai manta da fadamar nan ba.

Gidan ƙwai shi ne wurin da ƙwai yake farawa a jikin mace. Ba mahaifa ba ne, kuma duk ɗalibin da ya haɗa su a jarrabawa ya ga jan birona. A jikin kaza yana kama da gungun 'ya'yan itace, rawaya, wani ya kai goro girma, wani bai wuce ƙwayar gero ba, kowanne yana jiran ranar da zai sauko ya sami ɓawo. A tsiro kuwa yana gindin fure. In garin furen namiji ya iske shi, sai ya kumbura ya zama ɗan itace, ƙananan ƙwayoyin cikinsa su zama iri. Kuɓewar da ake yankawa a miya gidan ƙwai ne da ya girma.

Na tsiro bai ba ni wahala ba, domin akwai kabewa a bayan gidana. Kaza ce ta wahalar da ni. Dole ta kasance mai yin ƙwai a lokacin, irin wannan kuwa ba a cika kai ta kasuwa ba. Kwana uku na yi ina zagaya masu kaji a Gusau, ina ɗaga wannan, ina taɓa cikin waccan, har wani ya ce mini, "Malam, sayenta za ka yi ko aurenta?" A ƙarshe a Furfuri na samu, wurin wani manomi da ya rabu da ita don kunyar furfurata.

Ana gobe darasi da la'asar na yanka ta. Na cire gungun da reza, ko ɗaya bai fashe ba, na sa shi a ƙaramin kwano da ruwan gishiri don kada ya lalace. Da yake babu wuta, sai na ajiye kwanon a kan jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa. Na gargaɗi mai ɗakina da baki, na kuma liƙa takarda a murfin, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a taɓa.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne yayata, wadda ta iso daga 'Yandoto kafin magariba don ganin likitan ido. Ta girme ni da kusan shekara goma, ba ta yi boko ba, kuma duk gidan da ta kwana, madafarsa ta zama tata. Ita kaɗai ta rage a duniya da ke kirana Auta. A gidanmu akwai al'ada tun zamanin mahaifiyarmu: in aka yanka kaza aka sami ƙwan ciki, na auta ne, ko maigida ba ya taɓawa. Na yi shekara hamsin ban tuna da wannan ba. Ita ba ta manta ba.

Da safe na zauna a kan tabarma ina bitar takarduna, aka ajiye mini ɗumamen tuwo da miyar kaza. Ina ci ina karatu, abin da na sha hana yara. Na ji wani abu mai laushi yana narkewa a bakina, ya tuna mini da yarinta, na ƙara loma, har na yi santi. Da na wanke hannu na nufi randa, sai na tarar da kwanon a kife, an wanke shi tas, takardata tana manne da murfin.

Na ce, "Yaya, ina abin da ke cikin kwanon nan?"

Ta ce, "Mi? Ƙwan ciki? Ai ka lashe shi yanzu, Auta. Na iske matarka ta jiƙa shi cikin ruwa kamar wanki, na ce wanga sakaci da mi ya yi kama."

Mai ɗakina ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Yaya, ba ni ba ce. Malam ne ya ajiye, na makaranta ne."

Yayata ta ce, "Makaranta ba a ba su abinci ne?"

Na nuna mata takardar na ce, "An rubuta kada a taɓa."

Ta ce, "Wa aka rubuta ma? Ni dai ba a rubuta mini ba."

Maganarta daidai ce. A lokacin direban da shugaban makarantar ya aiko mini ya danna oda a ƙofar gida. Na tsinko furen kabewa biyu, mace da namiji, yayata tana biye da ni tana faɗa cewa mai ɗan tulu a gindi shi ne mai haihuwa, na ɓarar da kabewa guda a banza. Abin da na yi shekaru ina zanawa a allo ke nan.

A hanya na yi tunanin in yi zane in wuce, ko in ce kazar ba a samu ba. Na farko karya ƙa'ida ne, na biyu ƙarya ce.

Ɓangaren tsiro ya tafi yadda ya kamata. Na tsaga gindin furen mace, aka zagaya da shi, kowa ya ga ƙwayoyin. Da na zo kan dabbobi, shugaban makarantar ya ɗaga hannu daga kujerar baya, cikin cikakken ladabi.

"Baba, ina na kazar?"

Na ce, "Na tanade shi, amma na cinye shi da safe bisa kuskure."

Wata malama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, daga nan ɗakin ya ɓarke da dariya. Na jira suka gama. Sannan na tambaya wa ya taɓa gyara kaza ya ga ƙwan ciki. Duk matan suka ɗaga hannu, da maza biyu. Wata ta tashi ta bayyana shi dalla-dalla, har da jijiyoyin jinin da ke jikin manyan, har da cewa a gefe guda kawai ake samunsa. Sai ta tsaya ta ce, "Au, wai shi ne abin da ke cikin littafin?" Ta yi shekaru tana koyar da shi, tana kuma dafa shi, ba ta taɓa haɗa su ba.

Da aka tashi na ce wa shugaban ya ba ni maki, kamar yadda na ba shi. Ya ce Allah ya kiyaye ya yi wa malaminsa haka. Na karɓi bironsa na rubuta wa kaina biyar cikin goma a takarda, domin na zo da rabin kayan. Ya duba takardar ya ce, "Baba, har yanzu kun fi ni da biyu." Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Da na dawo gida yayata tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta tambaye ni yadda darasin ya kasance ba.

Ta ce, "Auta, da daɗi dai ko?"

Na ce da daɗi, sai dai gishiri ya ɗan yi yawa. Ta ce ita ko ƙwaya ba ta sa masa ba.