Wanzam Mode da Shekarun Sajo

Rana ba ta taɓa fitowa ta iske Wanzam Mode a gidansa na Maikujera ba. Da an sallame sallar asuba zai wasa aska, ya rataya zabira, ya kama hanya. Yau Rabah, gobe Wurno, ranar kasuwar Goronyo kuwa ko da ruwa ake sai ya je. Aski, ƙaho, cire hakin wuya, in sanyi ya shigo kuma kaciyar yara. Ga shi da surutu, kafin ya gama maka aski ka ji labarin kakanka har da wanda ba ka so a ji. Bana ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ya ajiye aska bayan shekara arba'in da wani abu. Ba don askin nake masa jinjina ba.

A ƙasarmu ba a rubuta ranar haihuwa. Amma yaro yakan sha kaciya yana da shekara bakwai, Mode kuwa ba ya mance wanda ya bi ta hannunsa. Kowace shekara da sunan da ya ba ta: 'yan shekarar fara, 'yan shekarar da Rima ta ci gonakin fadama, 'yan shekarar ƙyanda. Ka nuna masa saurayi, zai faɗa maka shekarunsa. Shi kansa bai ɗauki wannan a bakin komai ba, sai da maganar Sajo ta taso.

Sajo ɗan Fulani ne daga wata ruga a gefen Dinawa. Wata kaka, shekarar da Turawa suka fara ɗibar samari zuwa yaƙi, shanunsu suka faɗa gonar dawar wani manomin Maikujera mai suna Halliru. Halliru ya bi yaron da ƙotar fartanya, yaron ya juyo ya kai masa sanda a gefen kai. Kashegari Halliru ya cika, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Ba wanda ya ce Sajo bai yi ba, shi ma bai musa ba. Abin da ya rage a sani guda ne. In baligi ne, dangin mamaci na da ikon neman ransa. In yaro ne, diyya ce a kan danginsa, shi kuma a yi masa horo a mayar da shi hannun manya.

Da aka kai shi babbar kotu a birni, aka ga dogo ne. Aka tuɓe masa riga, sai ga tabon bulala kwance a haƙarƙarinsa, irin na sharo, wasan nan da samarin Fulani ke tsayawa a zabga musu sanda ba su motsa ba. Masu shari'a suka ce ai wanda ya tsaya sharo ya kawo ƙarfi. Ba su san cewa wansa ne ya doki wani, ciwo ya kwantar da shi kafin ranar ramuwa, Sajo ya tsaya a madadinsa don kada a yi wa gidansu dariya ba. Sai alƙali ya tambaye shi da bakinsa, shin yaro ne shi? Wane ɗan Fulani ne zai sha sharo sannan ya tsaya gaban jama'a ya kira kansa yaro? Sajo ya ɗaga kai ya ce shi ba yaro ba ne. Aka rubuta.

Tun kafin a yi wannan zama, uwarsa, Goggo Fatimatu, ta zo ta durƙusa a ƙofar Mode.

"Wanzam, kai kay yi mai shayi. Ka tahi ka hwaɗa musu."

"Goggo, mi za ni cewa? Wa zai saurari wanzami gaban malamai?"

"Ka ce abin da kas sani. Shi ɗai nika roƙo."

Ya sani sarai. Sajo ɗan shekarar fara ne, shekarunsa goma sha huɗu. Amma Halliru maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Shi ya yi wa 'ya'yansa askin suna, da shi aka ɗauki makararsa. Mode ya dubi marayun nan, ya dubi ƙannen Halliru da ke zaman makoki, bakinsa ya yi nauyi. Mutumin da ba ya iya yin shiru a kan aski ya yi shiru kwana tara. Ran na goma ya kasa cin tuwo, ya ɗauki sanda ya taka zuwa birni. Ya tarar an yanke hukuncin kisa tun shekaranjiya.

Kwana ashirin ya yi yana bin ƙofofi, har wani tafinta ya ji tausayinsa ya shigar da shi gaban Baturen da ke duba irin waɗannan hukunce-hukunce. Baturen ya saurara, ya rubuta, ya tura sama. Amsa ta dawo cewa an ɗage kisa, an mayar da shi ɗauri mai tsawo. Maganar shekaru kuwa an riga an rufe ta, tunda yaron da kansa ya amsa. Haka aka jefa ɗan shekara goma sha huɗu cikin ƙattai a gidan yari. Da Mode ya dawo gida, rabin Maikujera suka daina ba shi kansu, Fulani kuma ba su gode masa ba.

Wanzam Mode, a nan ne nake sara maka. Da wani ne, da ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kwanta. Kai kuwa tun daga ranar ba a sake kama yaro da babban laifi tsakanin Rabah da Goronyo ba ka riga dogarai isa ƙofar alƙali ba. Mutanen Goronyo sun ga ranar da ka tsaya wa Lawwali ɗan masunta, wanda ya soki abokinsa da mashin kifi, ka jera 'yan shekararsa biyar a gaban kotu don a gani da ido. Mutanen Wurno kuma sun ga ranar da wani mai hali ya so ka rage wa ɗansa shekaru, ka ce ɗan nan ya haura ashirin, ko za a yanka ka ba ka rage kwana ɗaya. Shi ya sa alƙalai suka koma aika maka da kansu. Yara goma sha ɗaya na sani da bakinka ya raba su da hukuncin manya. Na taɓa faɗa maka haka, ka ce in daina ƙirga maka, akwai wanda ban sa ba.

Kowace shekara bayan girbi Mode yakan je ya nemi a rubuta masa takardar roƙo a kan Sajo. Goggo Fatimatu ta rasu a shekara ta shida, rugar ta tashi zuwa wani wuri. A damunar da ta wuce aka sako Sajo. Bai tarar da kowa nasa ba, sai ya biyo Maikujera, haƙora sun zube, yana tari. Ina zaune a zauren Mode ranar. Ya gaida Mode, ya ce:

"Baba, can ciki kwanaki sun ɓace mini. Shekaruna nawa yanzu?"

"Ashirin da tara," in ji Mode. "Sha huɗu naka na. Sha biyar ɗin, kwana tara nawa sunka ci su."

Sajo bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya dai karɓi furar da aka miƙa masa, yana nan gidan har yau.

Mun gode, Wanzam Mode, Allah ya saka maka, ya sa Sajo ya furta abin da kake jira tun kana da kunnen ji. Mu kuma da muka rage, ungozoma ko malamin allo ko maƙwabci, duk wanda ya san shekarun yaron da aka kama, ya tashi ya faɗa a ranar farko.