Wurin Haihuwar Baffa Cindo

Ranar Laraba, 15 ga Oktoba, 2025, da hantsi, ina ofis a Gumel aka bugo min waya daga Sule Tankarkar cewa Allah Ya yi wa Baffa Cindo Wanzami rasuwa, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Yau kwana goma sha biyu ke nan, kullum ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ban ga yadda zan yi ta'aziyyar nan in tsallake shi ba.

Baffa, ba jini ne ya haɗa mu ba, katanga ce tsakanin gidanmu da naka. Amma kai ka yi min askin suna, kai ka yi wa mahaifina ƙaho duk shekara har ya bar duniya. Shekara hamsin da ɗoriya kana rataye da zabira a kan keke, daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari, zuwa ƙauyukan tsallaken iyaka, ba wanda ya taɓa tambayarka takarda. Wa zai tambaye ka? Rabin masu tsaron hanyar ma kai ka aske musu kai suna 'yan kwana bakwai. Ina tuna yadda kake yi wa jariri hira kafin ka ɗora aska, kana ba shi haƙuri kamar babban mutum, mata suna dariya a bayan ƙyaure. Idan ka tarar gidan ba hali, kazar da aka ba ka sai ka mayar wa mai jego, ka ce ai ita ta fi ka buƙatar romo.

Ba ka yi boko ba, amma kanka ya fi rajistar asibiti. Da zamani ya juya, komai sai da takardar shaidar asali, sai ka zama madogarar mutane. A kira ka gaban dagaci, ka ce wane ɗan wane ne, ni na aske shi, shekarar da fari suka cinye gero, ranar kasuwar Maigatari. Shi ke nan an sa hannu. Na san ranar da ka tafi Gagarawa cikin ruwan sama don ka shaidi Dogo direba, wanda aka kusa hana aiki aka ce ba ɗan ƙasa ba ne. Na kuma san wanda ya turo maka rago don ka shaidi ɗansa, ka mayar da ragon, ka ce hannunka bai taɓa kan yaron nan ba.

To, ga abin da yake cina.

A shekarar 2021 aka ɗauke ni aikin wucin gadi, ina cike wa mutane fom na katin ɗan ƙasa. Sabon shiga ne ni, ina jin kaina, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni sanin ƙa'ida. Ka zo ka zauna gabana da farar hularka. Na tambaye ka wurin haihuwa, ka ce Sule Tankarkar. Ba ƙarya ka yi ba. A wajenmu, mace takan tafi gidan iyayenta haihuwar fari, ta yi wanka ta dawo, kuma ba wanda yake lissafa ɗan da garin kakanninsa. Ɗan gidan ubansa ne. Mahaifiyarka 'yar wani ƙauye ce kusa da Dungas, a ƙasar Nijar, can ta je ta haife ka, ta dawo da kai kana ɗan kwana arba'in. Kakata ce ta ba ni labarin. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ja ni.

Na ce, "Baffa, ai na ji an ce a tsallake aka haife ka, wajen wankan gida."

Ka dube ni ka yi murmushi, ka ce, "Haka ne kuwa, Nasrullahi. Rubuta yadda yake."

Na rubuta. Wallahi har daɗi na ji a ranar, wai na yi aiki tsakani da Allah. Kowa katinsa ya fito, naka aka ajiye a gefe. Aka ce tunda a wata ƙasa aka haife ka, sai ka kawo takardar mahaifinka, ko dattawa biyu da suka girme ka su shaida cewa ɗan nan garin ne. Mahaifinka ya rasu tun ba a san takarda ba. Dattawan da suka girme ka kuwa duk suna maƙabarta. Mutumin da ya shaidi gari guda ya rasa mai shaidarsa. A lokacin ka yi dariya ka ce me tsoho zai yi da kati. Ni ma na yi dariyar, Allah Ya yafe min.

Sai ga maganar Ummukulsum, autarka. Ta auri Manu, magini ɗan Dungas da ya yi shekaru yana aiki a Maigatari. Da aka rufe iyaka a daminar 2023, aiki ya tsaya, aka fara matsa wa baƙi da tambayar takardar zama, ya kwashe iyalinsa ya koma gida tana da tsohon ciki. Bisa al'ada wajenku za ta zo ta haihu. Ba hanya. Can ta haifi ɗa namiji, aka sa masa sunanka na yanka, Ishaƙ, kuma wani wanzami ne ya aske shi. Inna Rakiyya, matarka, ta gaya min ranar sunan tun safe ka wasa askarka, ka goge, ka mayar cikin zabira.

Da aka buɗe hanya ka shirya. Sau biyu kana zuwa, sau biyu ana dawo da kai. Yaran da ke tsaron shingen iyaka yanzu baƙi ne, an kawo su daga nesa, ba su san Cindo ba, kati suka sani. Na biyun ina tare da kai. Na ga yadda ka sauko daga motar da ƙullin tsarabarka, 'yar riga da hula ta yaro, sauran fasinjoji suna kau da kai don kunya. Ita ma Ummukulsum tana can tana jiran tata takardar zaman, mijinta yana tsoron in ta fito da yaron a hana su komawa. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, ta gagare ku shekara biyu.

Kowa ya san akwai hanyar daji, 'yan babur suna bi kullum. An ba ka shawara, ka ƙi. Ka ce ba za ka je wa jikanka kamar ɓarawo ba, kuma ka hana ta ɗauko shi ta nan, kada a kama su ko babur ya yar da shi. A waya kake ganinsa. Ka riƙa matso da fuskarka kana cewa a juyo maka da ƙeyarsa ka ga yadda aka yi askin.

Na yi yawo, Baffa, kai ma ka sani. Gumel, Dutse, na koma Gumel. Har wani lauya na samu ya ce doka tana tare da kai, ɗan ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne ko a ina aka haife shi, shaida kawai ake so. Aka ce a kawo rantsuwar kotu, muka kawo. Aka ce a jira. Kullum in na dawo sai ka ce sannu da wahala, Allah Ya yi maka albarka. Ko sau ɗaya ba ka tuna min ranar nan ba. Da ka zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Har yanzu aikin fom nake yi. Duk sanda na iso layin wurin haihuwa sai hannuna ya tsaya, in ji muryarka tana cewa in rubuta. Shekaranjiya wani dattijo mai farar hula ya zauna a bencin bakin ƙofa, sai da na fita na leƙa fuskarsa, alhali da hannuna na zuba maka ƙasa.

Ummukulsum ta iso ranar sadakar uku, ta hanyar dajin da ka hana ta, da Ishaƙ goye a bayanta. Yaron ya sauka yana ta yawo a tsakar gida, yana leƙa ɗakinka. Da na shiga gaisuwa ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Yaya Nasiru, an gaya min irin wahalar da ka sha a kan takardar Baba. Ba mu da bakin godiya." Na ce ba komai. Abin da na iya cewa ke nan, na fito.

Ummukulsum, akwai komai. Ni na rubuta abin da ya raba ki da mahaifinki, ba don an tambaye ni ba, sai don in nuna na sani. Shi ya yafe tun ban roƙa ba, haka halinsa yake. Ke ban sani ba, kuma ba zan ce dole ki yafe ba. Na dai gaji da karɓar godiyar da ba tawa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Rakiyya, da Ummukulsum da 'yan'uwanta, da Manu, da wanzaman ƙasar Gumel, da duk wanda Baffa ya tsaya wa a gaban hukuma. Ya Allah, bawanKa Ishaƙ ya zo maKa. Ka jiƙansa, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka karɓe shi ba tare da tsarewa ba. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka raya jikansa, Ka haɗa su a Aljanna inda za su ga juna ido da ido. Ni kuma Ka ba ni ƙarfin halin shiga gidan nan gobe, bayan an karanta wa Ummukulsum wannan. Amin.

Nasrullahi Usaini, Gumel.