Mangwaron Gida Mai Lamba Tara

Shekara ashirin da shida Don Eulogio yana kula da shuke-shuken rukunin gidajen Los Samanes a birnin Cali, ba wanda ya taɓa jin ya ce wa kwamitin unguwa a'a. Sai dai in abu bai kwanta masa ba, "to" ɗinsa kan yi wata uku a hanya.

Da saiwar mangwaron Doña Herminia ta fasa bututun ruwan gida uku, kwamiti ya ce a sare. Ba su yi zalunci ba, shi ma ya ga ɓarnar da idonsa. Amma marigayi mijinta ne ya kawo irin daga ƙauyensu, mangwaro marar zare, mai zaƙi kamar an ɗiga zuma, wanda ko an shuka ƙwallonsa ba ya fitowa haka. In an sare shi, iri ya ƙare. Tsohuwar ta daina fitowa ƙofar gida, abin ya tsaya wa Don Eulogio a rai.

Shugabar kwamiti, Doña Yaneth, ta ce, "Ranar Litinin, Don Eulogio."

"To, ranki ya daɗe. Amma wata bai fara raguwa ba. A garinmu ba a sa gatari wata na cika."

"Allo za mu yi da shi ko gadon amarya? Itacen da za a zubar!"

"Ni dai hannuna ba ya yi."

Ta yi tsaki, ta ba shi mako uku. Shi kuwa tuni ya yanko 'yan rassa ya yi musu aure da wasu bishiyoyi, ya ɗaure da leda. Da wa'adi ya cika ya kwance, duk sun bushe. Ranar ko kofi bai iya sha ba.

Ya sake yankowa ya ɗaura, sannan ya koma wurin Doña Yaneth, hula a hannu.

"Watan nan an yi ta ruwa, ranki ya daɗe."

"Kai, wannan wata naka na haya ne? In ka wuce ƙarshen wata, masu injin sara zan kira."

Saura kwana biyu, rassa huɗu suka tofo. Ya wasa gatarinsa, ya sare mangwaron da kansa, bai bar wa baƙi ba.

Da yamma ya riƙo hannun Doña Herminia zuwa bakin babbar ƙofa, inda mangwarorin kwamiti suke jere. Ya nuna mata jajayen ganye a kan reshe.

"Na mijinki ne. Yanzu ya zama kayan unguwa, ko reshe ba mai taɓawa sai kwamiti ya zauna."

Ta shafa ganyen da yatsa.

"Yaushe zai yi 'ya'ya?"

"Shekara biyu, ko uku."

Ta goge ido da bakin mayafi. "To. Zan jira."