Askar Dikko da robar kan Nusaiba

Dikko wanzamin Adabka ne, irin tsofaffin nan da ba sa ganin kumburi su wuce. Rabin garin shi ya yi musu askin suna, ragowar kuma ya zuƙe musu jini da ƙaho, suna godiya.

Jikarsa Nusaiba, ɗiyar ɗansa Lukman, ta zo duniya da ruwa a ka. Kan yana ta girma, wuyan ya kasa ɗauka. A Sakkwato likitoci suka sa mata siririyar roba a ƙarƙashin fata, daga kai ta bi bayan kunne ta sauka ciki, ruwan yana zubewa can. Aka ja wa iyayen kunne kada ƙarfe ya taɓa wurin. Lukman, sarkin gaggawa, ya koma ramin zinariya bai gaya wa kowa wannan jan kunnen ba. Uwar yarinyar kuwa, Zinatu, ko gaisuwa daga bayan danga take durƙusa wa tsohon. Wa ya taɓa ganin matar ɗa tana koya wa uban miji sana'arsa?

Ran da Dikko ya zo yi wa yarinyar aski, yatsansa ya ji tudu a bayan kunne. Zinatu tana bakin ɗaki. Ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ya tsaga, ya kafa ƙaho.

Zazzaɓi ya biyo baya, cuta ta bi robar har ciki. Aka koma Sakkwato, aka cire ta, aka yi ta allurai. Likita ya ce cikin ya yi tabo, ba zai ƙara shanye ruwan ba. Sai dai a bi da sabuwar roba ta jijiyar wuya zuwa zuciya, ko a sauke ta a ƙirji kusa da huhu, kowace da haɗarinta. Ya dubi Dikko, tunda shi ne babba.

Dikko ya juya ya dubi surukarsa.

"Ɗiyata, ke aka yi wa bayani tun farko. Mi kika gani?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabi.

"Baba, a yi ta zuciyar."

"To ka ji, likita."

Aka yi, Nusaiba ta rayu. Ta yi nawar tafiya, idonta na hagu da cutar ta taɓa bai dawo daidai ba. Yanzu da zarar jikinta ya ɗan yi zafi, Dikko ne ke fita neman mai babur, yana ɗingishi, yana zazzaga wa Lukman faɗa a waya.